Rijiya ta ba da, guga ya hana: tunani a kan ɓoyon littafi a bibliyotek

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da kusan kowa ya san da ita, amma ba a cika tayar da zancenta ba sai cikin raha, a fada, ana jiran shayi na biyu. Egzamen ya ƙarato, malami ya ambaci littafin da ya kamata a duba, ka je bibliyotek ka tarar littafin ya yi ɓatan dabo. Rajista ta ce yana nan, ba wanda ya are shi. Kanta kuma ta ce babu. Ba a fita da shi daga ɗakin ba. Wani ne ya zare shi daga mazauninsa, ya cusa shi can bayan littattafan wani fanni da ba mai leƙawa, don gobe da jibi in ya dawo ya same shi shi kaɗai.

Ɗabi'ar tana da ƴan uwa biyu. Akwai mai aron littafi ya riƙe shi har sai an gama jarrabawa, ko ya yi ta sake aronsa da katin abokansa. Akwai kuma mai sa reza ya yanke babin da yake buƙata. Wanga na ƙarshe ba ya buƙatar dogon bayani, kowa ya yarda ɓarna ce. Na farkon ne ke da wuyar sha'ani, domin mai yin sa bai ɗauki komai ya kai gida ba, bai yaga komai ba, kuma da yawa cikinmu ba su kiransa laifi. Suna ce masa dubara. Tambayata ita ce: dubara ce, ko cin amana?

Abin da ɓoyo yake yi wa littafi

Mu fara da fahimtar yadda ɗakin karatu yake aiki. Kowane littafi yana da lamba a gadon bayansa, lambar nan kuwa ita ce adireshinsa. A tsarin da Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876, wanda ɗakunan karatu da yawa a duniya ke bi har yau, an kasa ilimi gida goma: falsafa tana 100, ilimin zamantakewa 300, kimiyya 500, tarihi da labarin ƙasa 900. A ciki kuma ana ƙara rarrabawa, shari'a tana 340, likitanci 610, noma 630. Wanda ya ɗauki littafin shari'a ya kai shi cikin na noma ya raba shi da adireshinsa. A ɗakin da ke da dubban littattafai, ba mai bin kanta ɗaya bayan ɗaya yana neman guda. Ga duk wanda ba shi ne ya ɓoye ba, littafin nan da wanda gara ta cinye duk ɗaya ne.

Saboda haka maganar "ai ban fita da shi ba" ba ta da nauyin da ake ba ta. Amfanin littafin bibliyotek shi ne a same shi lokacin da ake buƙatarsa. Mai ɓoyo ya bar wa jama'a takarda da tawada, ya tafi da amfanin.

Hujjar mai ɓoyo

Bai kamata mu yanke masa hukunci ba mu saurare shi ba, don hujjarsa ba ta banza ba ce. Ga abin da zai ce.

"Mu ɗari biyu ne a amfi, littafin kuwa kwafi ɗaya. Wancan da ubansa ke da hali an aiko masa da nasa. Waccan tana da kwamfuta da intanet a gida. Ni bursi bai faɗo ba, ko ma ba ni da shi. In na ce zan yi fotokopin littafi mai shafi 300, a ce kowane shafi dala biyar, jikka bakwai da rabi ke nan, kuɗin cimata na kwana nawa? In na faɗi wannan matiyar, shekara ta tafi, kuma a ƙauye ana jira in gama in fara taimako. Ni na ce a sayo kwafi ɗaya? Kuma in ban ɓoye ba, wani zai ɓoye. To don me ni zan zama wawan?"

Akwai gaskiya a nan. Jami'ar Yamai ta daɗe ita kaɗai ce ta gwamnati a ƙasar nan tun farkon shekarun 1970. A 2010 aka sami na Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ƙofa ta buɗe wa ɗiyan talakawa da yawa, abin farin ciki ne. Amma tara littattafai aiki ne na shekaru, kuma mafi yawan littattafan jami'a daga waje ake shigo da su, da tsadar waje. Ɗalibi bai haddasa ƙarancin nan ba, tarar da shi ya yi. Duk wanda zai yi wa mai ɓoyo wa'azi alhali shi yana da nasa kwafin a ɗaki, ya kamata ya sassauta murya.

To amma bayyana dalilin abu daban, halatta shi daban. Mu duba hujjar guntu-guntu.

Wa aka cuta?

Mai ɓoyo yana ji kamar yana rama wa kansa ne a kan tsarin da ya ƙware shi. Sai mu tambaya, a kan wa ramuwar ta faɗa? Minista bai san an yi ba. Shugaban jami'a bai rasa barci ba. Ɗan mai hali yana kwance yana karanta nasa. Wanda ya zo ya tarar da gurbi a kanta shi ne wanda ba shi da wata hanya sai bibliyotek: wanda ya tako da ƙasa daga wata unguwa mai nisa don ba shi da kuɗin kabu-kabu, da ɗalibar da dole ta koma gida kafin magariba, da mai ɗan aikin dare da ke da awa biyu kacal da rana. Wato mutum irinsa, ko wanda ya fi shi ƙunci.

Nan ne hujjar talauci take juyowa ta sari mai ita. Idan talauci ne ya ba ni haƙƙi a kan littafin, to ya ba duk wani talaka irin haƙƙin. Ba ni da ikon in ɗauki dalilin da ya haɗa mu mu ɗari in mai da shi nawa ni kaɗai. Gwamnati ko wani mai kyauta ya ajiye littafin don kowa ya sha. Rijiya ta ba da, ko da kaɗan ne. Guga ne ya hana.

"Kowa ma haka yake yi"

Wanda ya yi falsafa a ajin bak zai tuna da Kant da gwajin da ya kawo a 1785: kafin ka aikata abu, ka tambayi kanka ko za ka so ƙa'idar da ka bi ta zama ta kowa. Mu gwada. In kowane ɗalibi ya ɓoye littafin da yake buƙata, kantoci za su rikice, ba mai samun komai, har da shi mai dubarar, domin yana da matiya bakwai ko takwas, littafi ɗaya kawai ya iya ɓoyewa, sauran wasu sun riga shi. Dubararsa tana ci ne muddin mafi yawan mutane ba su yin ta. Yana rayuwa ne a kan gaskiyar waɗanda yake kira wawaye.

Wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya yi rubutu a 1968 a kan makiyayar da ba ta da mai ita: kowane makiyayi yana ganin ribarsa ce ya ƙara dabba ɗaya, har ciyawa ta ƙare kowa ya rasa. Mu ba sai an kai mu Amurka ba, mun san yadda burtali da mashaya suke lalacewa idan kowa ya ce "in ban ci ba wani zai ci". Kalmar nan tana cika kanta da kanta. Duk wanda ya faɗe ta ya aikata, ya ba na bayansa dalilin faɗarta.

Kuma "kowa" ɗin nan ƙarya ce. Da kowa na yi, da ba ka sami littafin a mazauninsa ba ranar da ka ɓoye shi. Wanda ya karanta kafin kai ya mai da shi inda ya ɗauka. Alherinsa ka ci, ka hana na bayanka.

Tsakanin littafi da hatsi

A ƙasar nan ba wanda ake tsinewa kamar ɗan kasuwar da ke kulle gero a sito lokacin bazara yana jiran tiya ta yi tsada. Waɗanda suka ga 2005 a yankin Maraɗi sun san cewa ana iya yunwa alhali hatsi na kasuwa. Addini ya hana irin wannan ɓoyon, al'ada ma ta ƙi shi. Mu ɗalibai mu ne kan gaba wajen zagin masu yin sa. To me ya raba su da mai ɓoyon littafi ana saura sati biyu egzamen? Dukansu sun ga abu ya yi ƙaranci, buƙata ta yi yawa, suka janye shi daga idon jama'a.

In ma akwai bambanci, ba ya taimakon ɗalibin. Ɗan kasuwa da kuɗinsa ya sayi geron. Ɗalibi bai sayi littafin ba. Sannan gero in an ci ya ƙare, tiyar da na ci ba za ka ci ta ba. Littafi kuwa mutum ɗari za su karanta shi, na ɗari ya sami abin da na farko ya samu, ba a rage ko harafi ba. Abin da ke da iyaka shi ne lokaci kawai. Mai ɓoyo yana karanta littafin awa biyu ko uku a yini, sauran awoyin littafin yana kwance cikin duhu ba ya amfanar kowa, har shi. Ba ci ya yi ba, zubarwa ya yi.

Magabatanmu sun san ƙarancin littafi fiye da mu, domin da hannu ake rubuta shi. Wanda ya taɓa ganin tsofaffin littattafan malamai, irin dubban da ke ajiye a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa, ya san yawancinsu ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne a sake, a naɗe cikin fata, a sa a gafaka. Ɗaya daga cikin amfanin hakan shi ne almajirai da dama suna iya raba littafi ɗaya, wannan yana kwafar farko, wancan yana tsakiya. A jami'o'in Paris da Bolonya ma, a ƙarni na 13, haka aka yi: ana kasa littafi kashi-kashi, a ba da hayar kowane kashi a kwafa a dawo da shi. Mutanen da littafi ya fi yi wa tsada sun nemi hanyar da hannu da yawa za su taɓa shi a lokaci ɗaya. A wajen malamanmu kuwa, ɓoye ilimi ga mai nemansa laifi ne babba da aka yi kashedi mai tsanani a kansa, kuma littafin da aka yi waƙafi ba mai ikon mallake shi.

Maganar gasa

Akwai wani dalili da ba a cika furtawa ba. Wani ba don ya karanta kawai yake ɓoyewa ba, don kada wasu su karanta ne. Yana ganin in sun rasa, shi ya hau.

A yawancin jarrabawarmu wannan lissafin ma kuskure ne. A tsarin LMD, samun goma bisa ashirin da tara kiredi ake nema, talatin a kowane zango, 180 kafin lisans. Ba a ce mutum hamsin kaɗai za su wuce ba. Faɗuwar maƙwabcinka ba ta ƙara maka ko rabin maki. Ka cuce shi a banza.

Inda maganar ke da ƙarfi shi ne konkur, ko neman gurbin masta, inda kujeru ƙidayayyu ne. A nan kam in ya samu, wataƙila kai ka rasa. Amma ko a kokowa, inda dole ɗaya ya faɗi, akwai abin da ba a yi. Ka yi atisaye fiye da abokin karawarka, ka fi shi sanin kamu, wannan nasara ce. Ka zuba masa wani abu a fura kafin a shiga fili, wannan sunansa daban. Gasa tana da ma'ana ne idan tana auna wanda ya fi ƙoƙari da fahimta. Wanda ya ci don ya hana wasu kayan aiki, takardarsa tana faɗin abin da ba haka ba ne.

Mu kuma tuna ko su wa ke zaune a amfin nan. Alƙalan gobe ne, da likitoci, da masu riƙe ma'ajin gwamnati, da waɗanda za a damƙa wa rabon taki da hatsin tallafi. Hali ba ya faɗowa daga sama ranar da aka ba mutum kujera. Wanda ya saba tun yana shekara ashirin cewa abin jama'a na wanda ya riga kai hannu ne, ranar da aka ba shi makullin sito ba sabon darasi zai koya ba. Muna tafiya zanga-zanga muna kukan an cinye dukiyar ƙasa. Kanta ita ce wurin farko da ake gwada mu da dukiyar ƙasa, kuma ba mai kallo.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Kada a ɗauka ina wanke masu hukunci. Malamin da ya ɗora jarrabawa a kan littafin da ya san kwafi ɗaya ne, bai kuma tanadi wata hanya ba, yana da nasa kason. Haka wanda ya ari littafin bibliyotek ya ajiye a ofis shekara guda don ba mai iya tambayarsa. Haka ɗakin karatun da ke rufewa daidai lokacin da ɗalibai suka fito daga kur, ko wanda in wuta ta ɗauke sai kowa ya tashi. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata ƙungiyoyinmu su sa cikin buƙatunsu da ƙarfin da suke sa maganar bursi da resto da motocin ɗalibai. Sau nawa muka ji an yi taron gangami a kan littattafai?

Amma ku lura da wani abu. Ɓoyo yana kashe hujjar da za mu kai gaban hukuma. Mai kula da bibliyotek yana gane littafin da ake buƙata ne ta yawan masu aronsa da masu tambayarsa. Da wannan yake rubuta abin da za a sayo in kuɗi sun samu. Littafin da aka ɓoye, a rajista kamar ba mai so ne. In kuma an lissafa shi cikin ɓatattu, sai a ce ɗalibai ɓarayi ne, a ƙara tsaurara doka, a hana shiga wurin kantoci, a hana aro zuwa gida. A wasu tsofaffin ɗakunan karatu na Turai har sarƙa ake ɗaura wa littafi, akwai irinsu a majami'ar Hereford ta Ingila har yanzu. Duk inda amana ta ragu, sarƙa ce ke ƙaruwa, kuma mai gaskiya ne ke fara jin nauyinta.

Abin da ke hannunmu

Hardin ya ɗauka abin jama'a ba ya tsira sai an sayar da shi ko an sa masa ɗan sanda. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nuna akwai hanya ta uku: mutanen da ke amfani da abu su kafa ƙa'idarsu da kansu, su riƙa lura da juna, su yi wa mai saɓawa horo daidai laifinsa. Iyayenmu mata sun riga mu sanin haka. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991 suna tara kuɗi a akwati ɗaya, suna ba juna bashi, suna cin tarar mai makara, yawancinsu ba su taɓa shiga lakol ba, kuma tsarin ya bazu ƙasashe da dama. In sun iya riƙe akwatin kuɗi, mu masu bak mu kasa riƙe littafi?

Mu yi lissafi. A ce bibliyotek tana buɗe awa takwas, babin da ake buƙata kuma yana cin awa biyu. Zama huɗu ke nan a yini. In mutum uku suka zauna tare a kowane zama, mutum 12 ne a yini, 72 a kwana shida. Cikin sati uku amfi mai mutum 200 ya gama kewayawa da kwafi ɗaya tak. Abin da ake buƙata takarda ce guda da delege zai riƙe, da roƙon mai kula da ɗakin ya ajiye littafin a teburinsa, a karanta a nan, kada a fita da shi. Yawancin ma'aikatan nan suna murna in aka zo musu da irin wannan, kuma sun san abubuwa da yawa da ba mu tambayarsu: inda tsofaffin memuwar suke, wane littafi ne zai iya maye gurbin wanda babu, yadda ake neman maƙala. Ga kuma rumbunan intanet na kyauta irin su Persée da Les Classiques des sciences sociales, waɗanda mutum ɗaya mai kiredi zai iya saukowa da abu ya raba wa aji duka.

Maganar ba ta tsaya ga littafin takarda ba. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa da wani ya samu daga yayyenmu ya danne, polikopen da malami ya ba mutum ɗaya ya ce a raba, sanarwar bursin waje da wani ya gani ya yi shiru har ranar rufewa ta wuce, duk ɗabi'a ɗaya ce ta sake riga. Haka nan wanda ya gane darasi ya ƙi bayyana wa na ƙasa da shi, alhali shi ma wani ne ya zaunar da shi a shekarar farko. Tallafin karatu mafi girma da muke da shi a jami'o'inmu ba ya cikin wani ofis, yana tsakaninmu, kuma yana tafiya ne muddin wanda ya karɓa yana miƙawa.

Amsata ga tambayar farko ke nan: cin amana ne, ko da wanda ya yi shi yana cikin matsi na gaskiya. Matsin yana sa mu tausaya masa, mu yi masa magana a gefe ba tare da tozartawa ba, mu sa sunansa a layi kamar kowa. Ba ya mai da abin ya zama daidai. In ka san inda wani littafi yake kwance a bayan kanta, ko kai ka sa shi ko wani, ba sai ka yi wa kowa bayani ba. Ɗauko shi ka ajiye a teburin mai kula da ɗakin, akwai wanda ya zo nemansa jiya bai samu ba.

Allah shi ba mu sa'ar jarrabawa, shi sa mu ci da guminmu.